Dokar Amurka kan ƙaramar na'urar watsa rediyo: a iska ake auna ƙarfinta

A Amurka, mai sha'awar rediyo yana iya kunna ƙaramar tiransimita, wato na'urar watsa sigina, a gidansa ba tare da lasisi ba, muddin bai ƙetare iyakar da hukumar sadarwa ta ƙasar, wato FCC, ta gindaya a sashe na 15 na ƙa'idojinta ba. Inda mutane da yawa suke yin tuntuɓe shi ne zaton cewa adadin wat da aka rubuta a jikin kwalin na'urar ne abin dubawa, alhali a zangon FM, daga megahaz 88 zuwa 108, doka ba ta ambaci wat ba ko kaɗan. Abin da ta ƙayyade shi ne ƙarfin siginar da ta fita cikin iska, wanda bai kamata ya wuce maikurobolt 250 (maikurobolt shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na bolt guda) a kowace mita ba idan aka auna daga nisan mita 3.

Wannan adadi ƙarami ne ƙwarai, domin bai kai ko kashi ɗaya cikin miliyan na wat guda ba, kuma hukumar da kanta ta ƙiyasta cewa irin wannan sigina ba ta wuce kusan mita 61. Saboda haka na'urar da ake tallatawa da wat guda ko rabinsa ta yi wa iyakar fintinkau tun kafin a ɗora ta a kan rufi. Haka kuma na'urar da ta cika ƙa'ida tana iya saɓa mata da zarar an sauya mata eriya da wadda ta fi tsawo, tunda eriya ce ke ƙayyade yawan abin da zai fita.

Awon da ake amincewa da shi yana da wuya. Ana ɗora na'urar a kan tebur mai tsayin santimita 80 a fili marar ƙarafa ko a ɗaki na musamman, ana jujjuya ta, ana kuma ɗaga eriyar awo tsakanin mita 1 da mita 4, a tsaye da a kwance, har a gano inda siginar ta fi ƙarfi, sannan a lissafa ƙarfin siginar da wayar da ta haɗa eriyar da na'urar awo ta cinye. Zagayawa da rediyon hannu don jin inda murya ta ɗauke ba awo ba ne, domin rediyo mai kaifin kamu yana jin abin da wani ba zai ji ba. Doka ta san da wannan wahala, shi ya sa ta yarda mutum ya haɗa na'urori har 5 da hannunsa don amfanin kansa ba tare da neman shaidar hukuma ba, amma iyakar ƙarfin tana nan a kansa.

A zangon AM lamarin ya fi sauƙi: ƙarfin wutar da ke shiga matakin ƙarshe na na'urar kada ya wuce miliwat 100, wato kashi ɗaya cikin goma na wat, kuma tsawon eriya da wayoyinta, har da wayar da ake haɗa na'urar da ƙasa da ita, kada ya wuce mita 3.

Ko an cika duk wannan, idan siginar ta dami tasha mai lasisi, dole a kashe na'urar da zarar hukumar ta ba da sanarwa. Wanda kuwa ya ƙetare iyaka da gangan ya zama mai watsa shirye-shirye ba bisa ƙa'ida ba, kuma dokar da aka sa wa hannu a watan Janairun 2020 ta ba da damar cin sa tarar dala 100,000 a kowace rana, har jimlar dala miliyan 2.