Auna Nagarta da Asarar Zafi a Na'urar Zafafa Gas da Bakan Lantarki

Na'urar zafafa gas da bakan lantarki, wadda ake kira filasmatiron, bututu ce da ake kunna harshen wuta a cikinta tsakanin sanduna biyu, katod da anod, irin harshen da ake gani wajen walda; wannan harshen shi ne bakan lantarki. Ana hura gas ya ratsa harshen ya kwashi zafi. Zafin tsakiyar bakan kan haura digiri 10,000 a ma'aunin Selshiyos. A 1940 aka fara samar da asetilin, gas ɗin da ake walda da shi, ta wannan hanya a masana'antar Hüls da ke Marl a Jamus, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, kuma da irin wannan na'ura take gwada garkuwar zafi ta kumbo a cibiyarta ta Ames.

Nagartar na'urar ita ce kason ƙarfin wutar lantarkin da ya shiga jikin gas ɗin. Auna shi kai tsaye da wuya, domin ma'auni na yau da kullum idan aka tsoma shi a bakin bututun narkewa zai yi. Don haka sai a auna abin da ya salwanta, a cire.

Jan ƙarfen anod yana narkewa a digiri 1,085, shi ya sa ruwan sanyi yake zagaya shi ba tsayawa, kuma wannan ruwan ne ke ɗauke kusan duk zafin da ya kuɓuce. Misali, bolt 400 da amfiya 250 sun ba da kilowat 100. Idan rabin kilo na ruwa yana wucewa a daƙiƙa ɗaya, ya shiga da digiri 20 ya fito da 32, sai a ninka 0.5 da 12 da 4.18, wato kilojul ɗin da kilo ɗaya na ruwa ke sha kafin ya ƙaru da digiri ɗaya. Asara ta kama kilowat 25, nagarta kashi 75 cikin ɗari.

Galibi anod ne ya fi cin asara, domin nan elektaron, ƙananan ƙwayoyin da ke ɗauke da lantarki, ke sauka su juye ƙarfinsu. Saura kuwa haske ne da gas mai zafi da ke gogar bango. Shi ya sa ake shigar da gas yana juyawa kamar guguwa, sanyayyensa ya rufe bangon.

Ya fi kyau kowane sashe ya sami layin ruwansa da ma'auninsa, don a san inda zafin yake zurarewa. Ma'aunan ma sai an daidaita su sosai: a misalin nan, kuskuren rabin digiri kaɗai ya kai kilowat guda.