Tsanani da bege a addinin Kirista

Tsanani, ko tsanantawa, shi ne sunan da Kiristoci masu jin Hausa ke kiran wahalar da mai bi yake sha a hannun masu iko saboda bangaskiyarsa ko saboda ya faɗi gaskiya. Bege kuma a bakinsu shi ne sa rai mai ƙarfi cewa Allah yana gani kuma zai yi shari'a ta adalci ko da an daɗe. A majami'un Sabon Gari a Kano da wuya ka ji an ambaci ɗaya ba a haɗa da ɗayan ba.

Tushe a Littafi Mai Tsarki

Labarin yana farawa ne daga littafin Fitowa, inda Isra'ilawa ke yin tubali ƙarƙashin Fir'auna har aka hana su kara aka ce adadin tubalin kada ya ragu, suka yi kuka Allah ya ji. Annabi Habakuk ya tambayi Allah kai tsaye har yaushe zai yi ta kira ba a amsa ba, Amos kuma ya ce bari adalci ya malalo kamar ruwa. Abin lura shi ne ba a ɗauki wannan koken a matsayin rashin imani ba, Zabura ma cike take da shi. Yesu Almasihu kansa Bilatus, gwamnan da daular Rum ta naɗa a Yahudiya, ne ya sa hannu aka gicciye shi, shi ya sa Kirista ba ya ganin wanda hukuma ta hukunta dole shi ne mai laifi, tashin Yesu daga matattu kuwa shi ne ginshiƙin begen gaba ɗaya.

Zamanin daular Rum

Nan ne bayanai suka fi yawa. A shekarar 64 gobara ta cinye babban sashe na birnin Rum, sarki Nero ya ɗora wa Kiristoci laifin aka kashe da dama, al'adar ikilisiya tana cewa manzannin Yesu, Bitrus da Bulus, sun mutu a zamaninsa amma ba a tabbatar da takamaiman shekarar ba. A 250 sarki Disiyus ya ce kowa ya yi hadaya ga gumakan daula ya karɓi takardar shaida, wanda ba shi da ita ya shiga uku. Mafi tsanani ya zo a 303 ƙarƙashin Diyokilishan, aka rushe majami'u aka ƙone littattafai, sai a 313 yarjejeniyar Milan ta ba kowa 'yancin addini.

Afirka ta Arewa ta sha nata sosai. A wajajen 203 a Kataj, Tunisiya ta yau, an kama wata matashiya mai suna Fafetuwa, shekarunta kamar 22 tana shayar da jariri, mahaifinta ya yi ta zuwa kurkuku yana roƙonta ta dubi furfurarsa ta dubi ɗanta ta yi hadayar nan kawai ta dawo gida, ta ƙi. Tare da ita akwai Felisita, baiwa ce mai cikin wata takwas, a kurkukun ta haihu kwana kaɗan kafin a fito da su filin wasa a sakar musu dabbobi. Duk uwar da ta karanta wannan ta san ba ƙaramin abu ba ne. Bayan tsananin 303 ikilisiyar yankin ta rabu biyu kan ko limaman da suka miƙa littattafai don tsira za su iya komawa aiki, rabuwar ta ɗau fiye da ƙarni.

Uganda

Tsakanin 1885 da 1887 sarkin Buganda Mwanga na biyu ya sa an kashe Kiristoci, da yawansu samari ne masu hidima a fada, ana tunawa da 22 'yan Katolika da 23 'yan Angilika, an ƙone wasunsu a Namugongo ranar 3 ga Yuni 1886. A Fabrairun 1977 kuma Akbishop Janani Luwum ya kai wa Idi Amin takardar koke kan kashe-kashe da ɓacewar mutane, ba a yi kwanaki da yawa ba ya mutu, gwamnati ta ce haɗarin mota ne amma kusan ba wanda ya yarda.

Kano da Isawa

A ƙarni na 19 an yi wani Malam Ibrahim a Kano wanda karatunsa na Alƙur'ani ya sa ya riƙa ba Annabi Isa matsayi na musamman, mabiyansa aka kira su Isawa. Ana cewa an tsire shi a kasuwa zamanin Sarki Abdullahi, wajajen 1867, wasu na kai shekarar gaba. Almajiransa suka watse zuwa Ningi da ƙasar Zazzau. Ko za a kira su Kiristoci tun a lokacin, masana sun saɓa. Abin da ya tabbata shi ne wajajen 1913 wasu daga zuriyarsu sun nemi Likita Mila, wani Bature ɗan mishan, a Zariya, aka kafa musu ƙauyen Gimi, sai ciwon barci ya yi musu mummunar ɓarna, waɗanda suka rage daga baya suka koma Wusasa. Farfesa Ishaya Audu, shugaban Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, daga wannan tsatson ya fito.

A wannan zamani

Ranar 29 ga Afrilu 2012 'yan bindiga sun kai hari kan masu sujada a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, mutane fiye da goma suka mutu har da malaman jami'a, watanni uku ke nan bayan harin 20 ga Janairu da ya kashe sama da mutum 180 a birnin, Musulmi da Kirista. Tun daga nan aka saba da bincike a ƙofar coci ran Lahadi, mata kan bar manyan jakunkuna a gida, amma 'yan Zumuntar Mata, ƙungiyar matan coci, da zanensu iri ɗaya ba su daina buga tulu suna waƙa ba, kuma yawancin waƙoƙin nasu da Hausa maganar haƙuri ce da ranar da Allah zai share hawaye.

Saɓani

Wasu na riƙe da littafin Romawa sura 12 da 13, a yi wa hukuma biyayya a bar wa Allah ramuwa. Wasu na kafa hujja da maganar Bitrus a Ayyukan Manzanni sura 5 cewa biyayya ga Allah ta fi ta mutane, don haka dole fasto ya tsawata wa azzalumin shugaba, irin yadda Desmond Tutu ya yi wa mulkin wariyar launin fata a Afirka ta Kudu. Batun kare kai da makami kuwa har yanzu shugabannin ikilisiyoyi a Arewa ba su zama baki ɗaya a kansa ba.