Rasit ba ya mayar da gida naka

Mutane da yawa sun ɗauka cewa da zarar an biya kuɗi, an karɓi rasit da makulli, shi ke nan gida ya zama na mai saye. Ba haka abin yake ba. Rasit shaida ce kawai cewa kuɗi sun bar hannunka, bai nuna wanda ya karɓa yana da ikon sayarwa ba.

Tsohuwar ƙa'idar doka ce: mutum ba ya ba da abin da ba nasa ba. Idan gidan gado ne, magaji ɗaya ya sayar ba da yardar sauran ba, rigima ka sayo. Haka idan an jinginar da gidan a banki: jinginar tana manne da gidan, ba ta bin mai sayarwa ta tafi. Sai ka tare, ka yi fenti, sannan wasiƙar banki ta iso.

Abin da ke sauya mallaka shi ne takardar miƙa mallaka da aka sa wa hannu, aka yi mata rajista a ofishin filaye. A tsarin da Robert Torrens ya kawo Kudancin Ostareliya a 1858, wanda ƙasashe da dama suka ara, wanda sunansa ke cikin rajista shi ne mai gida. Shi ya sa lauya ke fara bincike a can kafin a biya: sunan wa ke kai, akwai jingina ko shari'a, iyakoki sun dace da taswira?