Gudunmawar biki kyauta ce ko bashi? Tambayoyi da amsoshi

Wai meye bambancin kyauta da ciniki, ba duk miƙawa da karɓa ba ne?

Ciniki da an biya ya ƙare. Ka shiga kasuwar Mile 12 a Legas ka taya kwandon tumatir, mai kaya ya ce albarka, ka ƙara, ya sallama, ka tura masa kuɗi ta waya, shikenan ba mai bin wani komai, gobe ko a motar haya ta danfo kuka haɗu ba dole sai kun gaisa ba. Kyauta kuwa ba ta ƙarewa a nan. Maƙwabcinka a Agege ya dawo daga Kano ya aiko yaro da ƙunshin kilishi tsaraba, in ka zaro dubu biyu ka ce a kai masa kuɗin kilishinsa wallahi ka zage shi, abin da ake yi shi ne ka ba yaron tukuici, ka aika da godiya, ka riƙe a ranka har ran da kai ma ka je gida ka dawo.

To ai bashi ne kenan

Mata sun fi mu sanin wannan. Ranar suna za ka ga wata ta zauna kusa da mai jego da littafi da biro, wance ta kawo turmin atamfa, wance dubu biyar da sabulu, duk ana rubutawa, kuma a tsarin biki na iyayenmu ninkawa ake yi, ta ba ki goma ki kai mata ashirin in nata ya zo. Bashi ne, amma irin wanda ba shi da ranar biya kuma ba a kai shi kotu, hukuncinsa kunya ce da bakin mutane. Ni a ganina ma ba a so a biya shi daidai cif, don in lissafi ya tashi babu saura to me zai sake kawo ta gidanki?

Mu kaɗai ke da wannan?

Ina. Wani masani ɗan Faransa, Marcel Mauss, ya rubuta a 1925 cewa wajibai uku ne ke cikin kyauta, ka bayar, ka karɓa, ka rama. Kafin shi a 1922 Malinowski ya ba da labarin mutanen tsibiran Trobriand, can gabashin tsibirin New Guinea, masu wata al'ada da suke kira kula. Mutum zai shiga kwalekwale ya keta teku don kawai ya kai wa abokinsa sarƙar wuya ta jan bawon kodi, shi kuma wata rana ya ba shi farin awarwaro, sarƙa na zagaya tsibiran ta hannu ɗaya awarwaro ta ɗaya hannun, ba mai riƙewa har abada, abin da kake samu suna ne da abokai. Suna da cinikin musaya daban da suke kira gimwali, a can ake tayawa, wanda ya yi tayi a kula kuwa ya zubar da girmansa. Akwai kuma potlatch na 'yan asalin yammacin Kanada, inda shugaba ke rabar da dukiya don a san shi wane ne, har gwamnati ta haramta shi, sai 1951 aka janye.

Kasuwa da kyauta ba sa haɗuwa kenan?

Kullum suna haɗe. Gyaran da mai albasa ke ƙara miki bayan an gama ciniki, wanda 'yan Legas ke ce wa jara, ba ya cikin farashi, so yake ki dawo ki zama kwastomarsa.

Sadaka fa?

Ita ba a jiran ramawa daga wanda aka ba, lada ake nema wurin Allah, shi ya sa a Suratul Baƙara aya ta 264 aka hana ɓata ta da gori. Gudunmawa kuwa gorinta kamar a jikinta yake.

Ba ta da illa?

Tambayi mai albashin da anko uku suka faɗo wa matarsa a wata ɗaya ga kuɗin haya ya zo. Ƙin ɗaukar ankon ma magana ce, gobe in nata bikin ya zo ana duba littafi.