Ma'anar Face ID: me ya sa waya ta san fuskarka amma ta ce sai ka saka lambar sirri?

Kwanan nan duk inda ake zancen waya sai ka ji an ambaci Face ID, ko a ce "waya mai buɗewa da fuska". Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata magana da na ji mai gabatar da wani shirin fasaha ya maimaita har sau uku a rediyo: wai yanzu an wuce zamanin lambar sirri, fuskarka ce lambar sirrinka. Daga baya wani mai sauraro ya kira yana kukan cewa tasa wayar ta samu matsala, domin duk lokacin da ya kashe ta ya kunna sai ta ƙi fuskarsa, ta ce sai ya danna lamba. Aka ba shi shawarar ya kai ta wajen mai gyara. Wannan shawara ta dame ni matuƙa, don wayar bawan Allah nan lafiyarta ƙalau, aikin da aka ƙera ta ta yi shi take yi.

Face ID suna ne da kamfanin Apple ya raɗa wa tsarinsa na gane fuska, wanda ya fara fitowa a iPhone X a 2017. Mutane sun mayar da shi sunan kowane irin buɗe waya da fuska, har da na Android, alhali ba duka suke aiki iri ɗaya ba. Na Apple yana watsa ɗigo sama da 30,000 na wani haske da ido ba ya gani a kan fuska, ya auna tudu da kwarinta, shi ya sa hoto ba ya ruɗar sa. Wasu wayoyin kuwa kyamarar gaba kawai suke dogaro da ita. Duka dai suna ƙarƙashin abin da ake kira bayometirik, kalmar da ta samo asali daga Girkanci, "rai" da "awo", wato auna wani sashe na jikin mai rai don a gane shi.

A nan ruɗanin yake. Gane mutum daban, riƙe makulli daban. Bayanan da ke cikin waya, hotuna da saƙonni da sauransu, a rikiɗe suke ajiye, an cakuɗa su ta yadda ko an ciro su ba za a iya karantawa ba. Makullin da ke warware su daga lambar sirrinka ake ƙera shi, a haɗa ta da wata lamba ta musamman da aka dasa a cikin ƙwaƙwalwar wayar tun a masana'anta. Fuska ba ta da hannu a wannan ƙira ko kaɗan. Ba za ta iya ba ma, domin makulli yana bukatar abin da ba ya sauyawa ko da ɗigo ɗaya, fuska kuwa yau da gemu, gobe da tabarau, jibi ta kumbura da barci. Abin da wayar ke yi da fuska kintace ne mai ƙarfi: wannan ya yi kama da mai ni sosai.

To me ke faruwa idan ka kalli waya ta buɗe? Lokacin da ka saka lambar sirri, wayar ta ƙera makullin ta miƙa shi ajiya ga wani keɓantaccen sashe na cikinta, wanda Apple ke kira Secure Enclave. Kamar ka bar wa maigadi makulli ne ka ce duk sanda ya ga fuskarka ya buɗe maka. Da ka kashe wayar, makullin da ke hannun maigadin ya ɓace. Idan ta kunnu, ko da ya gane ka sarai ba shi da abin da zai buɗe da shi, dole ka sake kawo na asali. Matsalar mai kiran nan ke nan gaba ɗaya.

Abin mamaki, wannan ruɗani ya soma ne tun ranar da aka gabatar da fasahar. A watan Satumban 2017, a birnin Cupertino na jihar Kalifoniya, ɗaya daga cikin manyan jami'an Apple, Craig Federighi, ya ɗauki sabuwar wayar a gaban duniya don ya nuna yadda fuska ke buɗe ta. Ya kalle ta, ta ƙi. Sai allon ya nuna masa wurin saka lambar sirri, dole ya koma kan waya ta biyu da aka tanada. Kafin gari ya waye labari ya bazu cewa Face ID ya ba da kunya tun a gwajin farko. Bayanin da kamfanin ya bayar daga baya shi ne, ma'aikatan da suka yi ta ɗaukar wayar suna shirya ta kafin taron, duk wanda ya kalle ta sai ta gwada fuskarsa ta ga ba ta mai ita ba ce. Da gwajin ya yi yawa sai ta rufe ƙofar fuska, ta koma neman lamba. Ni a ganina babu tallar da ta fi wannan kyau: baƙi sun yi ta leƙen waya, ta lura, ta ƙi amincewa da kowa har mai ita sai ya kawo shaida. Amma abin da ya zauna a zukatan mutane shi ne ta gaza, kuma har yau da wannan idon ake kallon duk wayar da ta nemi lamba.

Sauran lokutan da iPhone ke neman lamba duk a kan wannan tunani aka gina su. Idan fuska ta kasa dacewa sau 5 a jere. Idan an yi awa 48 ba a buɗe ta ba, don wayar da ta kwana biyu ba a taɓa ta ba wataƙila ba ta hannun mai ita. Idan an aika mata umarnin kullewa daga nesa. Akwai kuma wanda ya fi ɗaure wa mutane kai, domin yakan zo ba zato: idan an yi kwana shida da rabi ba a saka lamba ba, kuma aka yi awa 4 fuska ba ta buɗe ta ba. Shi ya sa wata safiya za ka tashi ka tarar tana neman lamba ba tare da ka yi komai ba. Amfaninsa ɗaya da nake gani shi ne yana hana ka mantawa, don wanda ya yi wata shida bai danna lambarsa ba ranar da ya bukace ta zai neme ta ya rasa. A Android ma haka ne, yawanci bayan awa 72.

Wani abu da ba a cika sani ba: saka lambar yana koya wa wayar fuskarka. Idan ta kusa gane ka amma ta yi shakka, sai ka danna lamba nan take, takan ɗauki wannan sabuwar kamar ta ƙara a kan wadda ta sani. Wanda ya aske gemu ya ga ta ƙi shi, lambar ce za ta gaya mata shi ne dai.

Apple na cewa yiwuwar wani baƙo ya buɗe wayarka da fuskarsa bai kai 1 cikin 1,000,000 ba, ban da tagwaye da 'yan'uwa masu kama da juna da yara 'yan ƙasa da shekara 13. Adadi ne mai kyau, sai dai lamba mai gida 4 hanyoyin jera ta 10,000 ne kacal, kuma duk wanda ya san ta ba ya bukatar fuskarka, yana ma iya goge ta ya saka tasa. Wannan ne ya sa maganar "an wuce zamanin lambar sirri" take da hatsari: tana sa mutum ya zaɓi 1234 ko shekarar haihuwarsa, yana ganin ai ba da ita zai riƙa aiki ba. Ɓarayi sun gane haka, suna leƙen yatsun mutum yana danna lamba kafin su fizge wayar. Sai a farkon 2024 Apple ya ƙara wani tsari da ke hana sauya muhimman abubuwa da lamba kaɗai idan wayar ta bar wuraren da ta saba, kuma a lokacin da ya fito sai mai waya ya kunna shi da kansa.

Fuska kuma a fili take, ana iya ɗaga waya a nuna maka ita ko ba ka so. Lamba tana cikin kanka. Don haka aka bar wata hanya: a iPhone, danne maɓallin gefe tare da ɗaya daga na ƙarar sauti na daƙiƙa biyu, nan take fuska ta daina aiki har sai an saka lamba. Android ma yana da irinsa tun 2018, ana samun sa a jerin da ke fitowa idan an danne maɓallin kashewa, ko da yake a wasu wayoyin sai an fara kunna shi a saituna.