Aika turare ta jirgin sama: fashin baƙi kan sassaucin kaya ɗan kaɗan

Magana biyu ce ke yawo a zaurukan WhatsApp na masu sayar da turare da humra. Wasu na cewa an hana aika turare ƙasar waje ta jirgi kwata-kwata. Wasu kuma na cewa in dai kwalbar ƙarama ce ba ruwan kowa, a cusa ta cikin atamfa a rufe kwali. Duk biyun kuskure ne, sai dai ta biyun ce ke iya jefa mutum cikin shari'a.

Dokar ba ta Najeriya kaɗai ba ce. Hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, da ke Montreal a Kanada ita ke tsara ƙa'idar ɗaukar kaya masu haɗari, ƙungiyar IATA ta kamfanonin jirage na sabunta littafinta duk shekara, hukumar sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, kuma ke sa ido a gida. Turare mai alkohol yana rukuni na 3, wato ruwa mai kama wuta, lambarsa UN 1266. Duk ruwan da tururinsa ke iya kamawa a zafin digiri 60 ko ƙasa da haka ya shiga ciki, alkohol kuwa tun daga wajen digiri 13 yake kamawa. Turaren mai zalla sau da yawa yakan kuɓuta, amma takardar bayanin sinadari ta masana'anta ce hujja, rantsuwar mai kaya ba ta aiki a wurin.

Sassaucin da dokar ta yi wa kaya masu haɗari ɗan kaɗan gaskiya ne, yana nan. Ya shafi irin su turare da fenti da man goge farce da samfurin ɗakin gwaje-gwaje. Bai shafi turaren fesawa na gwangwani ba, haka laita da batirin litiyam da duk abin fashewa.

Inda ake rikicewa shi ne adadin. Iyakar iri biyu ce, kuma dole a cika duka. Kowace kwalba kada abin da ke cikinta ya wuce mililita 30. Sannan jimillar abin da ke cikin kwali ɗaya kada ta wuce mililita 500 ga turare mai saurin kamawa, ko lita 1 ga wanda bai kai shi saurin ba. Ke nan ga mai saurin kamawa, kwalba 16 masu cin 30 za su shiga kwali guda, ta 17 ta ɓata lissafi. Kwalba ɗaya tal mai 50 ko 100, irin wadda aka fi saye, ta riga ta fita daga sassaucin ko da ita kaɗai ce a kwalin. Ba a hana aika ta ba, ta koma wani mataki ne mai cikakkiyar takardar shaida da ƙarin kuɗi.

To me aka yafe? Waccan takardar shaidar, da kwali na musamman mai hatimin Majalisar Ɗinkin Duniya, da manyan tambarin haɗari. Ɗaurin kaya kuwa yana nan daram: murfi a ɗaure shi da salatif ko waya, kwalba a sa ta cikin wani mazubi mai abin tsotse ruwa da zai shanye duka in ta fashe, sannan kwali mai ƙwari. Sai ya jure faɗowa daga tsayin mita 1.8 ba tare da yoyo ba. A jikinsa a manna alama mai kusurwa huɗu, santimita 10 kowane gefe, mai harafin E a tsakiya da lambar rukuni, a kuma rubuta a takardar kaya cewa akwai kaya masu haɗari ɗan kaɗan. Mai ɗaurin ma sai wanda aka horar. Kuma sassaucin bai shafi gidan waya ko jakar fasinja ba. Fasinja nasa daban ne: turaren amfanin kansa, jimilla lita 2, kowace kwalba kada ta wuce rabin lita.

Laifin da ba a wasa da shi shi ne ɓoyewa. A watan Mayun 1996 jirgin ValuJet ya faɗi a Florida, mutum 110 suka mutu, saboda na'urorin samar da iskar oksijin da aka loda ba a bayyana haɗarinsu ba. A Amurka, wanda ya karya dokar da gangan na fuskantar ɗaurin shekara 5, ya kai 10 idan abin ya jawo rauni ko mutuwa. Wanda ya rubuta “kayan sawa” a kan kwalin humra mai alkohol, sunansa ne a takardar, ko da dillali ne ya ba shi shawarar.

Tsakani da Allah, tsarin ya fi yi wa manyan kamfanoni daɗi. Su suna da ma'aikatan da aka horar da takardun sinadari a ajiye. Matar da ke haɗa humra a gida a Maiduguri ko Kano, daga ina za ta samo takardar abin da ita ta haɗa da hannunta? Ga shi kamfanin jirgi na da ikon ƙin karɓa ko da an cika kowane sharaɗi, wasu ma sai mai asusu da su na musamman. Don haka kafin a zuba kuɗi a ƙananan kwalabe, a fara tambayar kamfanin da zai ɗauka ko yana karɓar UN 1266 zuwa ƙasar da ake nufi.