Ga manoman lambun Kubanni da Galma: mu duba ruwan da muke bai wa ganye

Da zarar ruwa ya ɗauke, hunturu ya shigo, bakin Kubanni da fadamun Galma sai su koma kore shar. Alayyahu, latas, kabeji da karas, kullum ana lodinsu zuwa kasuwannin Sabon Gari, Tudun Wada da Samaru. Sana'a ce da ta riƙe gidaje da yawa a Zariya. Sai dai a matsayina na malamin gona, ruwan da ake ja da inji ana shayar da wannan ganye yana damuna ƙwarai.

Da rani rafi yana janyewa, amma abin da ke kwarara cikinsa ba ya raguwa: ruwan kwatamin unguwanni, baƙin mai daga garejin makanikai, ruwan batir, ruwan jima da na rini, da wanda ke fitowa daga yankin masana'antu irin na Dakace. Irin wannan ruwa kan ɗauko ƙarafa masu guba, wato dalma da kadmiyam da kuromiyam. Ba sa ruɓewa kamar taki, rana ba ta ƙona su. Suna zama a ƙasar lambu, na bana ya hau kan na bara, saiwa ta ja su zuwa cikin ganye.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne ganyen yakan fi kyau, domin ruwan kwatami yana da taki a ciki. Mai saye ya ga alayyahu mai faɗin ganye yana sheƙi, ya ce wannan ne na kirki. Uwargida ta kai gida ta wanke latas da gishiri, ta ɗauraye sau biyu. Ta kyauta, wankin yana fitar da ƙura da yawancin ƙwayoyin cuta, kada a daina. Amma dalmar da ta riga ta shiga cikin ganyen, wanki ba ya fitar da ita, tafasa ma haka.

Mun ga aikin dalma a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda niƙa duwatsun zinare masu ɗauke da dalma a cikin gida. Can ta shiga jiki da yawa a lokaci guda. Ta hanyar abinci kuwa kaɗan-kaɗan take taruwa, ba zazzaɓi, ba amai, shi ya sa ba a zarginta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a kira marar illa, kuma jikin yaro yana tsotsar ta ninki 4 zuwa 5 na babba. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, yaro ya kasa riƙe karatu a ce masa daƙiƙi. Tana ɓuya a ƙashi, idan mace ta samu ciki ta dawo jini ta kai ga ɗan tayi. Kadmiyam kuma ƙoda yake ci a hankali, shekara da shekaru.

'Yan'uwa manoma, gyaran yana hannunmu tun daga gona. Wanda ke da hali ya haƙa rijiya a cikin fadamarsa, nesa da bakin kwata, ko a haɗa kuɗi mutum uku-huɗu. Inda ruwan ya yi baƙi, yana kumfa ko mai na yawo a kansa, kada a shuka ganye da karas a wurin. Masara da tumatir ba su kai su tara gubar a ɓangaren da ake ci ba. Sai takin bola. Na sha tona tulin da aka sauke a gona in tarar da fasassun batiran tocila, baƙin garinsu ya cakuɗe da ƙasa, ga gwangwanayen fenti. Kashin shanu da na kaji sun fi shi nesa ba kusa ba, kuma suna rage yawan gubar da saiwa ke ja.

Iyaye mata, a ci gaba da ci da ganye, jiki na buƙatarsa. A cire ɓawon kabeji na waje, a kankare karas, a tambayi mai ganye inda lambunsa yake. A bai wa yara wake, ƙwai, kifi da nono, domin yaron da ke da ƙarancin jini ya fi saurin tsotsar dalma.

Ido ba ya gane ƙasar da ta gurɓata, sai gwaji. Ƙungiyoyin manoman rani su ɗebi ƙasa daga wurare daban-daban na lambu, da ruwa a gora mai tsabta, su nemi malamin gonar yankinsu ya haɗa su da masu binciken ƙasa a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, tun kafin a zuba irin bana.